Igiyar da Ba ta da Nauyi

Aikin gida, tambaya ta bakwai:
nauyi biyu, igiya ɗaya, kwarkwaro a sama.
"A ɗauka igiyar ba ta da nauyi.
A ɗauka babu gogayya."
Haka Farfesa Irribarra ta rubuta da shuɗin alli,
ta kakkaɓe hannu a jikin siket.

Na karanta wa babana muna cin abincin dare.
Ya ajiye cokali.
Shekara ashirin da shida ke nan yana riƙe da birki
a taragon da ke hawa tudunmu na Valparaíso,
ɗaya na hawa, ɗan'uwansa na sauka,
igiyar ƙarfe guda ta ɗaure su,
ba sa haɗuwa sai a tsakiya, su wuce ba gaisuwa.

"Ba ta da nauyi?" in ji shi.
"Ran da muka sauya ta, mu tara ne.
Har yau bayan Eleuterio bai miƙe ba."
Na ce, Baba, ai ɗauka ce kawai.
Ya ce, "To, ku ɗauka a takarda.
Mu a kafaɗa muka ɗauka."

Ran Asabar na je da agogo da littafi.
Na auna kusurwar gangaren da zare da dutse.
Na ƙirga: mutum biyar a na sama,
har da mai kwandon kifi,
biyu a na ƙasa, da kare, ban san nauyinsa ba, na ba shi kilo goma.
Na zana kibiyoyi, kowace da harafinta.
Lissafi ya ce: daƙiƙa goma sha tara,
sauri na hawa kan sauri,
har tarago ya fasa ɗakin sayar da tikiti.

Agogo ya ce tamanin da uku.
Mai kifi ta sauka tana hamma.

Na zauna a kan matakala ina neman sauran daƙiƙun.
Wasu na cikin tsatsar da gishirin teku ya shafa wa dogo,
wasu cikin tsohon giris, wasu cikin gurnanin inji.
Ragowar na hango ta taga:
tafin hannu a kan sandar ƙarfe,
yana saki kaɗan, yana riƙewa,
idon mai shi ma ba a kan dogon yake ba,
kunne ya kasa.

Na ƙara kibiya ɗaya mai kallon sama.
Ban samo mata harafi ba.

Ran Litinin takardar ta dawo, an zagaye kibiyar da jan biro:
"Wannan fa? Sai babi na shida. Yi haƙuri, Ximena."
Bakwai bisa goma.

Da dare ya shigo da warin giris,
fitilun jiragen ruwa na rawa a bayansa.
"Yaya igiyarku?"
Na ce tana nan, ba nauyi.
Ya yi dariya, ya miƙo min hannu in matsa masa yatsu.