Faifai Guda

Biyar ne, ƙanana kamar murfin gwangwani,
a kwalin takalmi, ƙarƙashin gadon Baba,
a gidanmu na tudun Barón, inda Valparaíso
ke leƙen teku ta kan kwanon rufin maƙwabta.
Kowanne rabin awa ce cikinsa.
Rabin awa, sai Herminia ta tsaya da baki buɗe,
allo ya yi shuɗi,
Baba Evaristo ya dafa kujera, gwiwa na ƙara,
ya je ya canza da hannun da ya daina jin magana.

Ya ce, Ximena, na gaji da tashi.
Haɗa mini ita waje guda.

Na kwashe su cikin kwamfuta daren Talata.
Agogon kyamarar Rigoberto bai taɓa faɗin gaskiya ba,
kullum ɗaya ga Janairu, sha biyun dare.
Sai na jera su da abin da ido ya sani:
tsawon karenmu Canelo,
giɓin haƙoran ɗiyata,
furfurar da ta faro daga gefen hagu.

Na'ura ta ce kaya sun fi jaka.
Minti goma sha ɗaya sun yi yawa.
Ko in matse duka, fuskoki su dushe,
ko in sa wuƙa.

Ga wurin yanka a faifai na uku:
an ajiye kyamara kan tebur, an manta ta a kunne.
Ba kowa. Shimfiɗa mai zanen lemo,
gindin kofi, ɓurɓushin burodi,
ƙuda ya sauka, ya tashi, ya dawo.
Har na ɗora yatsa.
Sai daga can kicin, bayan ƙarar famfo,
na ji ta tana faɗa da tukunya,
tana ce wa albasa munafuka,
ta yi tari, ta yi dariya ita kaɗai,
dariyar da ba ta taɓa yi wa kyamara ba.

Na bar ƙudan.
Wasan wutar sabuwar shekara na cire,
da jiragen ruwansa da ihun jama'a.
Wannan kowace shekara ana sakewa.

Faifan farko ya lalace a kashi tamanin da bakwai.
Na biyu ya fito, amma murya ta riga leɓe,
Mama na gama magana kafin ta buɗe baki.
Na uku sai da asuba, motar shara na hawa tudu,
ya fito da ɗumi kamar an sauke shi daga tanda.
Na rubuta sunanta, ban sa shekara ba.

Lahadi muka zauna.
Rabin awa ta cika, Baba ya dafa kujera don sabo,
ya tuna, ya koma.
Awa ɗaya. Awa biyu ba kaɗan.
Sai gaɓar da na ɗinke, ta huɗu da ta biyar:
tana tsaye a baranda, rigar bazara, kumatu cike,
ta ce, "Ku zo ku..."
ƙiftawar ido,
tana zaune cikin bargo, wuya kamar sillen kara,
ta ce, "...kashe wannan abin."

Ban ga haka a kwamfuta ba. Lambobi nake kallo.

Baba bai tanka ba sai da allo ya yi shuɗi.
Ya ce, a da, tsakanin nan da nan
sai na tashi, in nemi tabarau,
in goge faifai da gefen riga,
wani lokaci har in dafa shayi.
Ashe a nan take samun sararin yin ciwo.

Na ce, in raba su yadda suke?
Ya daɗe yana juya rimot a tafin hannu.
Ya ce, a'a, bar shi.
Nuna mini dai maɓallin tsayarwa,
sannan ki mayar da ni wajen ƙudan nan.