Mararraba Uku

Likita ta duba yankan da ke yatsan kakana,
ta ce da Turanci trivial ne,
wato bai taka kara ya karya ba.
Ta liƙa filasta, ta juya za ta fita,
tsoho ya ce ta dakata.

Shekara talatin da huɗu Wilfrid Ridley ya koyar da Latin a Hexham,
kalma ba ta gifta shi bai buɗe bakinta ya ga haƙora ba.

Ya ce, tri uku ne, via kuwa hanya.
Trivium, inda hanya uku suka haɗa kai.
Can mai alfadari ke tsayawa ya gai da mai tulun giya,
can ake jin kuɗin gishiri da wanda ya mutu jiya.
Abin da aka tsinta a wurin, trivialis,
na kowa ne, shi ya sa ya yi araha.
Daga na kowa ya gangaro ya zama na banza.
Kalma kamar takalmi take,
ta gefe guda take cinyewa.

Likita ta saci kallon agogo.
Mutum goma sha ɗaya na jira a waje.

Ni na tuƙo shi gida cikin yayyafi.
Mun wuce Corbridge da kaɗan ya dafa hannuna,
ya ce, Elspeth, tsaya nan.
Ba komai a wurin sai allon hanya mai hannu uku
da tumaki jiƙaƙƙu a bayan katangar dutse.

Ya ce, nan bas ta yi latti wata Talata.
Wata yarinya mai karyayyar lema
ta tambaye ni ƙarfe nawa.
Agogona a tsaye yake, na yi mata ƙarya.
Tambaya ce trivial, haka za su kira ta yanzu,
kamar ƙaramin bashi, kamar kuskuren waƙafi.
Shekara hamsin da biyu ina ba ta amsa.

Tun watan Maris da muka binne ta
shi ke yanka wa kansa burodi.
Bai iya ba tukuna.

Wata motar madara ta danna mana ham.
Na sa giya.
Filastar ta riga ta fara ɗagowa,
yana ta danne ta da babban yatsa.