Gangar da Ta Haye Teku

A kasuwar Yelwa, gab da la'asar,
Cindo ya miƙa wa kakansa waya:
"Baba Arzika, ji kiɗan Dominika,
merenge sunansa."

Tsoho ya saki tsirkiyar da yake ja.
"Wannan mai numfashin zugazugi ban san shi ba,
ƙarfen da ake kankara ma baƙo ne.
Amma gangar nan!
Gula a dama, tafi a hagu,
gefe bunsuru, gefe akuya.
Wa ya kai ta can?"

"Waɗanda aka ɗaure, aka loda a jirgi.
Hannu wofi suka tafi."

"To, a ƙirji suka ɓoye ta."

Ya dubi Kwara tana gangarawa kudu.
Ƙafarsa ta hagu, mai ciwon sanyi,
ta riga bakinsa amsa gaisuwar.