Jan Salatif

A Agege, gidan haya mai hawa biyu,
ɗaki bakwai a sama, bakwai a ƙasa,
Baba Ilu yana kan tsani
da abin gwajin wuta a bayan kunne.
Waya ta zaga sama kamar awarwaro,
wata ta zaga ƙasa,
sannan kowane ɗakin sama
ya miƙo hannu guda ga wani na ƙasa,
mita ɗaya suke sha su biyu.
Sai dai wanda ya ja wayoyin, Allah ya ji ƙansa,
bai bi layi ba:
na ɗaya ya kama na biyu,
na biyu ya tsallaka wurin na huɗu,
sauran ma haka, kowa da inda ya faɗa,
kuma duk baƙaƙe, kamar gashin kai guda.

Iya Mulika ta ce ita ke biya wa tela wuta.
Tela ya rantse firjinta ne ke lashe masa kati.
Wata uku ba sa gaisawa a bakin famfo.

Ni kuwa ina Akoka, alli ya ci min yatsu,
ɗigo goma sha huɗu a kan allo,
layi ashirin da ɗaya.
Dakta Ajibade ya ce:
juya shi.
Na juya. Ya zauna kamar ban taɓa shi ba.
Kifa shi.
Na kifa. Ko gezau.
Ya ce, to zanen da bai san an juya shi ba
bai san 'ya'yansa ba.
Nemo min launi mafi ƙaranci
da zai sa kowane layi ya amsa sunansa.

A Oshodi ruwa ya tsare mu.
Danfo a gaba, danfo a baya,
duk rawaya, duk da baƙin ɗamara,
da za a musanya su cikin dare
ko kwandasta sai ya duba lamba.
Na ɗora takarda a gwiwa, na ciro jan biro.
Layi ɗaya na ja.
Na naɗe takardar biyu, hagu ta faɗa kan dama,
jan ya kwanta a kan kansa yana min dariya.
Na ƙara na biyu daura da shi.
Tagwaye na haifa.
Wata mai kwandon barkono ta leƙo ta ce,
'yata, taswirar ina ce wannan?
Na ce ta gidanmu.
Ban san gaskiya na faɗa ba.

Da na iso, magariba ta wuce.
Baba na nan a sama, tocila a baki,
salatif ja ƙwaya ɗaya a aljihu, shi ma ya kusa ƙarewa.
Na ce, ba zai ishe ka duka ba.
Ya cire tocilar ya ce,
wa ya ce miki duka?
Ya naɗa wa ɗaya.
Ya naɗa wa maƙwabciyarta.
Ya tsallake biyu, ya naɗa wa wata can a karkace.
Ya ce, in kin jera su daidai wa daida
aikin banza kika yi,
sai kin bar ɗaya tana ɗingishi
kafin ki san gabas.
Daga nan kuma ƙidaya ce kawai.

Na tsaya riƙe da ƙafar tsani,
shafi arba'in na jiƙe a jakata.

Ya bi wayar Iya Mulika da yatsa,
ɗaya, biyu, ya sauko,
ba ɗakin tela ta shiga ba.
Ɗakin ɗanta Wasiu ta shiga,
inda dutsen guga ke kwana a kunne.

Babu wanda ya ce uffan.
Tela ya koma kan kekensa.
Baba ya miƙo min guntun salatif ɗin
ya ce in riƙe masa,
har yau yana naɗe a wuyan birona.