Inda Ruwa Ka Bi

Ranar Talata aka kira mu.
Mai shela ya ratsa unguwa da lasifika bisa babur:
za a tada bene huɗu a Birnin Kebbi,
ofisoshin gwamnati,
a filin da muke shanya shinkafa.
Kowa ya zo da bakinsa.

Muka je. Kujerun roba, fanka guda tana kuka.
Ga ginin bisa tebur, an sassaƙa shi ɗan mitsitsi,
da itatuwan soso,
da motoci kamar kwalin ashana.
Ba akuya ko ɗaya.
Ba mai tuyar masa a bakin ƙofa.
Na leƙa gabas, na leƙa yamma,
ban ga inda nake kafa keken ɗinkina ba.

Mai kwat ya yi magana har azahar ta gota.
Ya ce miliyan, ya ce biliyan,
kunne ya ƙoshi, ciki bai shaida ba.
Sannan ya ce, "Da tambaya?"
yana tattara takardunsa.

Ige mai shinkafa ta miƙe:
"In kun malale filin da siminti kun kewaye,
bisa me zan shanya? Bisa kawunanku?"
Aka kwashe da dariya.
Ita ba ta yi ba.

Sai Baba Jabbi,
wanda ya haƙa rabin rijiyoyin unguwarmu,
ya dogara sanda, ya tako,
ya ɗora yatsa daidai ƙofar gilashi:
"Nan ruwa ka bi.
Shekarar da gulbi ya cika ya batse,
nan na ɗaure kwalekwalena.
Ruwa ba shi karatun takarda, ɗana.
Ko kun mance da hanyatai, shi bai mance ba."

Mai kwat ya dubi agogo.
Amma wata injiniya a bayansa,
hular kwano a cinya, fensir a bayan kunne,
ta ce, "Baba, nuna mini da ƙafa."

Da la'asar na hango su,
tsoho gaba, ita baya, takalminta ya sha laka,
yara na biye kamar an kamo kada.

Wata uku shiru.
Da suka dawo, gini ya ja taki saba'in wajen tudu,
an zana lambatu mai faɗin kwanciyar sa.
Ige, an ce ta jira wani fili bayan tasha.
Har yau tana jira,
tana shanya a gefen kwalta, tana zagin tireloli.
Ni kuwa darbejiyata ta tsira, ban san dalili ba,
ban kuma tambaya ba.

An buɗe gini bara.
A allon bakin ƙofa sunaye tara ne,
na Jabbi babu.
Bai ma kai ranar ba.

Amma duk damina nakan tsai da keke in saurara:
ruwa na gangarowa ta inda yatsansa ya nuna,
ya wuce gilashin bai taɓa ba,
yana tafe yana kiran sunan tsohon,
shi da aka ce ba shi karatu.