Lambobin Ruwaida

Allura huɗu a yini.
Na ninka da kwanakin shekara, na ninka da shekara uku,
sai na ajiye biro, lissafin ya fi ƙarfin uba.
Cinyar Ruwaida ta koma kamar rariya,
yatsunta goma babu wanda bai ba da jini ba.

Dakta Najla ce ta nuna mana hotonsa:
ɗan abu kamar kwalin ashana,
a maƙala a ƙugu, siririn tiyo ya shige fata,
yana ɗiga insulin kaɗan-kaɗan har cikin barci.
Na tambayi kuɗin. Ta faɗa.
Tankar ruwan da nake tuƙawa a Jidda
sai ta yi wata bakwai tana zirga-zirga,
ban ci ba, ban biya haya ba.
Ta ce, "Akwai na gwamnati,
amma akwai kwamiti."

Kwamiti ba shi da fuska, taga gare shi.
Taga ta uku ta tura ni ta bakwai,
ta bakwai ta ce hatimin ya kwana biyu,
mai hatimin ya tafi sallah, daga can ya tafi hutu.
Na koyi zama a kujerar roba
da fayil kore a kan gwiwa
kamar mai riƙon jaririn wani.

Suka ce a kawo littafin awo na wata uku.
Ruwaida ke rubuta shi da kanta,
da jan biro, da ɗan fure a gefen kowane shafi.
Ɗari da goma. Ɗari da biyar. Ɗari da ashirin.
Na kai shi ina taƙama.
Dakta ta duba, ta duba ni,
ta jona ma'aunin a kwamfuta.
Arba'in da takwas, ƙarfe uku na dare.
Ɗari huɗu, ranar jarrabawa.
Hamsin da ɗaya, daren da na iske ta a gaban firji
tana tauna dabino a duhu, ta ce ƙishi ne.

"Me ya sa, Ruwaida?"
Ta ce, "Baba, in lambar ta yi kyau kana cin tuwonka duka."

Shekararta tara.

Dakta ta ce kwamiti ba ya ba mai lafiya,
munanan dararen nan su ne shaidarmu.
Muka zauna a tabarma, ni da ita,
muka sake littafin daga farko,
kowace lamba da ainihin fuskarta.
Ba ta zana fure ba.
Ni ma ban ture kwano ba, ko da loma ta tsaya.

Ran Talata, ina juye ruwa a wani gini a Bawadi,
waya ta yi ƙara a aljihu.
An karɓa. Muna layin jira, lamba ta arba'in da ɗaya.
Ba yau ba, ba gobe ba,
wataƙila bayan Hajji.
Na bar tiyo yana ambaliya har mai gadi ya yi min tsawa.

Da dare na ɗaga rigarta, ina neman inda bai yi tauri ba.
Ta ce, "Nan, Baba, gefen hagu.
Dama na ajiye wa famfon."