Layin Toka

Ni ke ja wa filinmu layi,
A nan Kumo, kafin in sha shayi,
Fenti sai manya masu yayi,
Mu bokiti ne cike da toka.

In na gama sai teburin Jalo,
Nan ne majalisar 'yan ƙwallo,
Bayan littafin bashi ne allo,
Nan yake jera makin kaka.

Wasan fari muka je Bajoga,
Manga mai faci na takun oga,
Huɗu da nema suka goga
Mana a fuska, muka sha duka.

Manga ya ce laifin koci ne,
Bulus ya ce, "A'a, abinci ne,
Yaro da garin kwaki a ciki ne
Zai yi gudun awa biyu? Hauka!"

Dukku ta biyo mu har cikin gida,
Masu kallo ranar mu ne shida,
In ka ƙirga da akuyar Sa'ida,
Ita ma da aka ci mu ta yi kuka.

Sai ga Gidado ɗan ajin farko,
Siriri, ka ce ba shi da ƙarko,
Ya tsaya a raga ya zama tarko,
Safar hannun aro ya saka.

Ran Billiri ya cafke fenariti,
Saura a tashi bai kai minti,
Ihu ya kai har bakin titi,
Ni har na yar da bokiti,
Shi kuwa a wuya Manga ya ɗauka.

Wasa biyar ba mu sha kashi ba,
Mai zaginmu jiya bai tuna ba,
Manga ya ce, "Ban gaya muku ba?
Kocin nan ya san kan harka."

Jalo ya buɗe littafi: "Manga,
Ran Bajoga, jingine da katanga,
Wa ya ce a kori koci da ganga?
Ga shi nan ƙasan bashin naka."

Ana haka gero ya nuna,
Uban Gidado ya aiko daga gona:
"Karatu na tura ka, ba shan rana,
Taho mu girbe abin da muka shuka."

Kyaftin kuma aka tura shi Deba,
Koyon koyarwa, ba a ɗaga masa ba,
Mai lamba tara bai biya kuɗin zango ba,
Sunansa a allo, an kafa doka.

Ranar da za mu Kaltungo,
Motar kwaleji ta mace a zango,
Muka yi ta turi har da Bulus ango,
An ba su maki kafin mu faka.

Bulus ya ce sammu aka yi,
An binne ƙwai a ƙarƙashin layi.
Duk suka juyo. Na dire shayi:
"Ni dai abin da na zuba, toka."

Wasan ƙarshe Bajoga suka dawo,
Gidado ya iso, lauje ya ji masa ciwo,
Ya ɗaure yatsa da tsumman da ya kawo,
Ɗaya da ɗaya aka tashi. Barka.

Na biyar muka zo cikin takwas,
Manga ya rantse yana duban gabas:
"Baɗi kofin namu ne, tas,
In dai kocin nan ya sauka."

Jalo ya rubuta da kwanan wata.
Na bi ta fili la'asar ta gota,
Layin da na ja duk ya ɓata,
Akuyar Sa'ida ta tattaka.

Na isa gida an fara duhu,
Na iske Kande na share murhu,
Na ce, "Tsaya in kawo buhu,
Baɗi ma da sauran aikin toka."